'Ya'yanmu Ba Baƙi Ba Ne

Ya ku iyaye, har yaushe za mu yi shiru? Fatauci ya kawo kakanninmu Yola daga Kano da Katsina, kuma a nan kaburburansu suke. A Mbamoi da Jimeta aka binne cibiyar 'ya'yanmu, suna jin Fulatanci kamar Hausa. Amma ranar neman gurbin jami'a ko aikin gwamnati, sai a ce su kawo takardar ɗan asali daga garin kakansu. Can kuma 'yan Yola ake kiransu. To ina ne gidansu?

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya saboda asali. Mu karanta shi, mu koya wa yaranmu. Kowane magidanci ya kawo kwafin takardun haihuwar 'ya'yansa ofishin ƙungiya, mu kai kukanmu tare.