Cinikin Biri a Sama: Cacar da Ta Shigo Mana Cikin Fakitin Kati

Akwai wata caca da ta shigo gidajenmu a nan Amurka ta ƙofar gaba, muka shimfiɗa mata tabarma don ba ta zo da warin giya ko kiɗan gidan rawa ba. Ita ce yage fakitin tsofaffin katunan besbol. Yaranmu maza na yi, wasu ubannin ma na yi, in kin yi magana a ce miki ai tara kayan tarihi ne, ai jari ne. Ni dai na ce caca ce, kuma zan kawo dalilaina, wanda zai ji haushi ya ji.

Ga wanda bai san abin ba, ɗan katin kwali ne da bai fi tafin hannu ba, gabansa hoton ɗan wasa, bayansa lissafin wasanninsa. Kamfanoni irin su Topps da Fleer da Donruss sun riƙa sayar da su a ƙunshe cikin takarda mai kaki, na Topps har da ɗan cingam a ciki. Mu ma da muna yara a gida mun sayi cingam mai hoto, mu tauna, mu yi musayar hoton, shi ke nan. Na yanzu daban ne. Mutum zai nemo fakitin da aka rufe shekara talatin ko arba'in da suka wuce, ya biya kuɗi bai san abin da ke ciki ba, ya yage yana fatan ya faɗo kan katin da zai mayar masa da kuɗinsa ninkin-ba-ninkin. Wanda ya ga kati ya san shi, ya ji farashi ya saya ya ajiye, ba ni da magana da shi. Da mai yage fakiti nake.

Tarkon yana cikin labaran da ake ba su. A watan Agustan 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle na Topps na 1952 a kan dala miliyan 12.6. A cikin watan nan dai katin Honus Wagner, wanda wani kamfanin taba ya buga tsakanin 1909 da 1911, ya tashi a miliyan 7.25. Yaro ya ji wannan, ina zai yi barci? Amma ba a gaya masa abin da ya sa suka yi tsada. Na Wagner tun da wuri aka daina buga shi, waɗanda suka rage a duniya ba su kai ɗari ba. Na Mantle ya fito ne a rukunin ƙarshe na shekarar, lokacin da kakar wasa ta kusa ƙarewa, ya yi kwantai, har Sy Berger na Topps ya faɗa da bakinsa cewa daga baya ya loda ragowar a jirgin ruwa ya zubar cikin teku. Waɗanda aka saya kuwa yara sun yi wasa da su, sun maƙala su a wilin keke don su riƙa ƙara, iyaye mata sun share sauran sun kai juji. Ƙarancinsu ne ya ba su daraja, saboda a zamaninsu ba wanda ya ɗauke su dukiya.

To fakitin da ɗanki zai iya saya da kuɗin aljihunsa fa? Galibi na tsakanin 1987 da 1994 ne, lokacin da su kansu Amurkawa masu harkar suke kira zamanin tarkace. A shekarun nan labari ya riga ya bazu cewa kati kuɗi ne, kowa ya saya ya ɓoye, kamfanoni kuma suka buga ba ƙaƙƙautawa. Har yau kwalaye na nan jibge a gareji da ɗakunan ƙasa ba a ko taɓa su ba. Ɗauki Topps na 1988: katuna 792 ne a jerin shekarar, fakiti ɗaya 15, kwali ɗaya fakiti 36, wato 540. Ko kwali guda ka saya ba ka haɗa jerin ba, kuma yawancin abin da za ka ciro bai kai kuɗin aika shi ta gidan waya ba. Katin da aka fi farauta a zamanin, na Ken Griffey Jr. da Upper Deck ta fitar a 1989, shi ma buga shi aka yi tuli. Ba ya yin kuɗin kirki sai ka aika wa kamfanin tantancewa irin PSA, ka biya, ka jira, su ba shi maki 10 cikin 10. Kusurwa ta ɗan lanƙwashe, ko hoton ya karkata gefe, maki ya faɗi, kuɗin ya bi shi.

Ga tambayar da nake yi wa duk wanda ya ce min jari ne: in akwai riba a yagewa, me ya hana mai sayarwa ya yage da kansa? Shi ya fi ka sanin kasuwa, ya yi lissafi ya ga fakiti a rufe ya fi abin da ke cikinsa tsada, shi ya sa ya bar maka yagewar. Ban da haka, takarda mai kaki ana iya buɗe ta a hankali, a zare mai kyau, a ɗumama kakin a mayar kamar ba a taɓa ba. A farkon 2022 Logan Paul, wanda yaranmu suka sani a YouTube, ya buɗe kwalayen katunan Pokémon da ya biya dala miliyan 3.5, waɗanda masana suka riga suka tantance, sai ga katunan G.I. Joe a ciki. In an yi wa mai miliyoyi haka, ina ga ɗan shekara sha huɗu da wayar uwarsa? Magabatanmu sun gama magana tuntuni: ba a cinikin biri a sama.

Yanzu bari in yi magana da bakin aikina na jinya. Masanin halayyar nan B. F. Skinner ya gwada a kan tantabaru, ya ga wadda ake ba hatsi ba tare da ta san yaushe zai zo ba ita ce ta fi naci wajen caccakar maɓalli, ta fi wuyar dainawa. Sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa yana tashi ne tun lokacin jira, kafin a ga abin da ya fito. Haka injin caca yake aiki, haka fakitin kati yake aiki. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca a babi ɗaya da ta giya da ƙwaya a littafinta na gano cututtuka. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke taka wa mutum birki kuwa ba ya gama nuna sai an haura shekara ashirin. Wannan ƙwaƙwalwar ce muke bari da waya tsakar dare, ana buɗe kwali kai tsaye a Whatnot ko TikTok, kowa ya sayi gurbi, a yi ƙuri'a a ba shi ƙungiya, in katin ƙungiyarsa bai fito ba kuɗinsa sun tafi. Wallahi in wannan ba caca ba ce, to caca ba ta da suna.

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi ta nuna min takardar bankinta: dala ɗari shida da wani abu cikin wata biyu, duk ƙananan cira, ashirin, talatin da biyar. Da ta tsare ɗanta, bai musa ba. Cewa ya yi, “Mama, saura kaɗan fa in samu, ki bari in yi na ƙarshe in mayar miki.” Duk wanda ya taɓa zama da mai jarabar caca ya san wannan maganar, harshe kawai ke sauyawa. Manya ma ba su tsira ba: a watan Mayun 2021 shagunan Target sun dakatar da sayar da katunan wasanni a cikin shago bayan wani faɗa a wajen ajiye motoci a jihar Wisconsin, har da zare bindiga.

Na san abin da za a ce. Za a ce doka ba ta hana ba. Gaskiya ne, a 2002 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da ƙarar masu sayen kati, ta ce sun sami abin da suka biya, har da damar dacewa. Amma ai giya ma doka ta halatta a ƙasar nan, ba mu ajiye ta a firji ba. Mu da muka tashi da sanin hukuncin caca da na sayen abin da ba a san shi ba, bai kamata sai alƙalin Amurka ya faɗa mana ba. Za a kuma ce gara kati da yawon banza. To yaron da ya koyi daɗin jefa kuɗi a duhu yana sha huɗu, me zai yi in ya kai shekarun da manhajojin cacar wasanni za su karɓe shi, alhali tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 jihohi da dama sun buɗe musu ƙofa?

Ku kuma ubanni masu cewa naku da hankali kuke yi, ku ji tsoron Allah. Kun kwana kuna tuƙi, ga kuɗin haya, ga tsohuwa a Zinder ko Kumasi ko Kano tana jiran na magani. Ku ɗauki littafi ku rubuta duk abin da kuka kashe, a gefe ku rubuta abin da kuka sayar kuka karɓi kuɗinsa a hannu, ban da farashin da intanet ta ce katin “zai yi”. Bayan wata uku ku nuna wa matanku.

In yaro na son besbol da gaske, a kai shi fili ya ga wasa. In kati yake so, a zauna da shi ya zaɓi wanda yake so da suna, a duba farashin da aka sayar da irinsa, ya tara kuɗi ya saya. A nemo masa na Jackie Robinson, ko da sabon bugu ne mai araha, a ba shi labarin baƙin da ya shiga Brooklyn Dodgers a 1947 ana zaginsa daga kan benci bai fasa ba. Ku cire katin bankinku daga wayoyinsu, ku riƙa duba takardar banki duk wata, kuma in kun ga ƙarya da ɓoye-ɓoye da rashin barci sun fara, ku gaya wa likitan yaron ba tare da jin kunya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a.