Kwamfutar da za ta jure zama a Unguwar Lalle

Ɗalibai da malaman makaranta daga Unguwar Lalle, Sabon Birni da Isa suna yawan tambayata: wacce za su saya, kwamfuta mai naɗewa baya irin Lenovo Yoga da HP EliteBook x360, ko mai rabuwa biyu irin Surface Pro ta Microsoft, wadda ake cire mata madannai ta koma allo zalla? Amsata ita ce mai naɗewa, kuma hanyar Goronyo ce babbar hujjata.

Na'ura dai sai ta lalace. Ƙurar hunturu da zafin bazara ba sa barin batir ko fanka. Ran da ta tsaya, sai an kai ta Sakkwato ta hanyar Goronyo, in abin ya faskara a aika Kano, kasuwar Beirut. Duk mutumin Gobir ya san abin da 'yan bindiga suka mayar da wannan tafiya. Tsofaffin Surface da suka cika kasuwar gwanjo, gilashinsu manne yake da gam. Kafin mai gyara ya kai ga batir sai ya ɗaga gilashin da zafi, sau da yawa ya tsage a hannunsa, kuɗin wani gilashin kuwa ya isa ya sa ka haƙura da na'urar baki ɗaya. Mai naɗewa kusoshi ne a bayanta, a kwance, a sauya batir, a ɗaure. Cajar Surface Pro ma tata ce ita kaɗai, sai a 2019 Pro 7 ta zo da USB-C. In cajar ta ƙone a shagon caji mai sola, wa zai ara maka?

Ga kuma zama. Mai rabuwa da ƙafar baya take tsayawa, tebur take so, mu kuwa kan tabarma muke karatu, kwamfuta a cinya. Madannanta ma daban ake sayarwa, dillali ba zai faɗa ba sai an gama ciniki. Yaron da ke shirin JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, madannai yake bukatar yatsunsa su saba da su, domin babu shafa gilashi a ɗakin jarrabawa.

Gaskiya ne mai rabuwa ta fi sauƙin ɗauka, ma'aikacin lafiya mai cika fom ƙauye-ƙauye zai ji daɗinta. To amma wannan aiki ƙaramin tablet na Android ma yana yinsa da araha.

Mai saye ya duba abu biyu. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana bukatar Intel zubi na 8 zuwa sama, kada a lallaɓa maka ta ƙasa da haka. Sannan ka nemi ma'ajiya mai faɗi, aƙalla 256GB. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, a lokacin kuwa littafin da ke ajiye cikin na'ura kaɗai ɗalibi ya iya buɗewa.