DOGON HUTU DA HARSHEN 'YA'YANMU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kowace shekara daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba makarantun boko a Nijeriya kan tafi dogon hutu. Duk wata tara da yara suka yi suna karatu, riga iri ɗaya suke sawa, benci ɗaya suke zama, malami ɗaya yake tsaye a gabansu, don haka bambancin gidajensu yakan ɗan ɓuya. Ranar da aka ba da hutu kuwa sai kowa ya koma matsayin ubansa. Wani za a kai shi Umra, wani Dubai ko Masar ko Landan, wani Abuja wurin kawunsa, wani a kai shi Yankari ya ga giwaye. Mafi yawansu kuwa ƙauye za su tafi a ba su fartanya, ko su bi ubansu rumfar kasuwa, ko a kai su garejin makaniki, ko a ɗora wa yarinya farantin talla. Ga shi hutun yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba. A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasar, suna cikin talauci ta fuskoki daban-daban, sannan a watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka ƙara tashi. Saboda haka duk yaron da ya miƙe a cikin aji ya ce jirgi zai hau, to, a gaban yaran waɗannan gidaje yake faɗa.

Kada a fahimce mu a karkace. Dukiyar halal ba laifi ba ce, kuma wanda Allah Ya hore masa ya kai iyalinsa Umra bai yi abin zargi ba. Allah Ya bayyana a cikin Suratun Nahli da Suratuz Zukhrufi cewa Shi Ya fifita sashen mutane a kan sashe a wajen arziki, kuma a cikin sahabbai akwai mawadata irin su Usmanu ɗan Affanu da Abdurrahmanu ɗan Aufu (R.A.). Maganarmu a kan harshen yaron take, da abin da yake yi da labarin tafiyar idan ya shiga cikin tsaransa.

Mu dubi Annabi Ya'aƙubu (A.S.). Ɗansa Yusufu ya zo masa da mafarkin taurari goma sha ɗaya da rana da wata suna yi masa sujada. Mafarkin gaskiya ne, ni'ima ce daga Allah, babu kuma laifin yaron a ciki ko kaɗan. Duk da haka abin da uban ya fara yi shi ne ya hana shi ba wa 'yan'uwansa labari, kuma ya gaya masa dalili. Daga nan malaman tafsiri suka fitar da halaccin ɓoye ni'ima ga wanda ake tsoron ta tayar masa da hassada. Abin lura a nan shi ne uban bai bar yaron ya gano wannan da kansa ba, zama ya yi ya koya masa. Mu kuwa sai mu sayi tikiti, mu ɗinka sababbin kaya, mu shirya jaka, amma ba za mu ɓata minti biyar mu gaya wa yaro abin da zai faɗa da wanda zai yi shiru a kansa ba. Shi kuma mai gonaki biyu na cikin Suratul Kahfi, halakarsa daga hira ta fara, yana magana da abokinsa sai ya nuna masa ya fi shi dukiya da jama'a. Abokin ya tunatar da shi ya mayar da ni'imar ga Wanda Ya ba shi, ya ƙi, aka wayi gari gonar ta zama kufai.

Akwai wani hadisi da ya shahara a bakin masu wa'azi game da haƙƙin maƙwabci, mai ma'anar cewa wanda ya sayo kayan marmari ya ba maƙwabcinsa, in ba zai bayar ba ya shigar da su a ɓoye, kada ɗansa ya fita da su ya ɓata wa ɗan maƙwabci rai. Malaman hadisi sun raunana isnadinsa, don haka ba za mu kafa hujja da shi ba. Amma ma'anar tana da madogara a ingantattu, domin Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci Abu Zarri (R.A.) in ya dafa romo ya yawaita ruwansa don ya samu na ba maƙwabta. Iyayenmu ma da ba su yi zurfin karatu ba sun riƙe wannan da sunan kara da kawaici. Cefane a rufe ake shigowa da shi, yaro bai isa ya fita zaure da tsokar nama a hannu ba, kwanon maƙwabta kuwa ba ya yankewa.

Wani zai ce, ai ayar ƙarshe ta Suratud Duha ta yi umarni da a ba da labarin ni'imar Ubangiji. Haka ne. Sai dai ba da labarin ni'ima godiya ce, mai yin ta yana ɗaukaka Mai bayarwa, shi kuwa mai alfahari kansa yake ɗaukakawa. Kalmomin suna iya zama iri ɗaya, niyya da wurin faɗa su ke rarrabe su. Yaro ɗan shekara takwas bai san wannan bambanci ba sai an nuna masa. Idan ya ba kakarsa labarin Ka'aba yana murna, ta sa masa albarka, wannan alheri ne. Idan ya maimaita labarin sau biyar a gaban ɗan mai gadinsu, ya ƙara da tambayar "kai ina aka kai ka?" alhali ya san amsar, to, ya soki zuciyar Musulmi, ko da bai yi nufi ba.

Ba kuma ƙarya muke cewa a koya masa ba, domin wasu iyayen nan suke zamewa, su ce da yaro "in an tambaye ka ka ce ba mu je ko'ina ba." Wannan gyaran ɓarna ne da ɓarnar da ta fi ta. A koya masa kada ya fara tayar da zancen. In an tambaye shi ya faɗi gaskiya a taƙaice, ya ce alhamdu lillahi, kada ya shiga lissafin kuɗin otal da na jirgi, sannan ya saurari labarin ɗan'uwansa da irin sha'awar da yake so a saurari nasa. Kuma ya san cewa tafiyar nan ba da guminsa aka yi ta ba, bai fi na kusa da shi a benci da komai ba don an haife shi a gidan da aka haife shi. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane ma, yaron da yake shelar ranar tafiyar gidansu da ranar dawowa yana jawo wa iyayensa abin da ya fi hassada.

Inda abin ya fi ciwo shi ne a cikin gida ɗaya, tsakanin 'yan uba. 'Ya'yan wannan ɗaki kawunsu mai hali ne, ya aiko da mota ta kwashe su, 'ya'yan wancan ɗaki suna tsaye a ƙofa suna kallo. Maigida ba shi da iko a kan kyautar surukinsa, amma yana da iko a kan nasa aljihun da kuma abin da ake faɗa a tsakar gidansa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu ɗan Bashiru (R.A.) ya keɓe shi da kyauta, Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙi yin shaida a kai, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Uban da ya ɗauki 'ya'yan mowa ya fita da su, ya bar na bora, shi da hannunsa ya shuka gabar da za ta tsiro ranar rabon gado. Uwar da take zuga ɗanta ya je ya nuna wa 'yan ɗakin kishiya tsarabarsa kuwa, ta ji tsoron Allah.

Iyayen yaron da bai je ko'ina ba su ma akwai nasu aikin. Sau da yawa irin wannan yaro kunya takan sa ya ƙirƙiri tafiyar da bai yi ba. A gaya masa Annabinsa (S.A.W.) ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki a kan lada kaɗan, kuma Annabi Dawuda (A.S.) daga aikin hannunsa yake ci, duka biyun suna cikin Buhari. Wanda ya dawo daga hutu ya iya noma kunya goma ko kwance tayar mota ba shi da abin sunkuyar da kai. A tuna masa da wasiyyar duban na ƙasa da shi a sha'anin duniya, don kada ya raina ni'imar da yake ciki. Amma kada a lallashe shi da cewa "ƙyale su, ai kuɗin sata ne." Babu shakka akwai masu yawon duniya da dukiyar jama'a, hisabinsu yana jiransu, sai dai jefa kowane mawadaci a wannan kwando mummunan zato ne da giba, kuma yaron da aka shayar da shi haka da ƙiyayya zai tashi.

Malaman makaranta su ma ga tasu. An saba ranar komawa a ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa, a kuma tsayar da wasu su karanta a gaban aji. Wanda ya yi wata biyu yana tallan gyaɗa me ake so ya rubuta? Da za a mayar da tambayar ta zama abin da yaro ya koya a hutu, ko wanda ya taimaka wa, ko surorin da ya haddace, da kowa ya sami abin faɗa, kuma sau da yawa ɗan talaka ne zai fi kowa cika takarda.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba matuƙar yaro yana ganin uwarsa da ubansa suna ɗora hoton kujerar jirgi da teburin abinci a WhatsApp da Facebook, har da hoton ɗawafi, ibadar da ake tsoron riya ta ɓata ta. Wayar nan tana hannun dangi da maƙwabta da masu aikin gida, kuma 'ya'yansu suna leƙawa. In an dawo daga Umra, a ƙulla dabino da ruwan Zamzam a ba yaron da hannunsa ya kai gidajen maƙwabta, a ce masa ya yi sallama, ya gaishe su, ya miƙa, ya ce an yi musu addu'a in har an yi, ya juyo gida.