FILIN KAYAN AIKI: Ƙara wa injin babur girma, riba ce ko hasara?

A ƙasar Adar babur ya zama jakin zamani. Daga Ibohaman zuwa Keita, daga Garhanga zuwa Tamaske, daga Buza zuwa Madawa, shi ke kai buhun albasa kasuwa. Shi ke kai makiyayi mashaya ya dubo dabbobinsa. In haihuwa ta zo wa mace da gardama tsakar dare, shi ke kai ta gidan likita. Saboda haka lafiyar babur magana ce ta gida duka.

Hanyoyin Adar kuwa ba su da sauƙi. Akwai hawan dutse, akwai rairayin korama, akwai ƙura. Babur mai lamba 125 in ya ɗauki mutum biyu da buhu yakan yi nishi bisa hawa. Shi ya sa waɗansu masu babura ke zuwa wurin makaniki su ce a ƙara wa injin girma, a mai da shi 150. A wannan wata filin nan zai bayyana yadda aikin yake, da abin da ke biyo bayansa.

YADDA AKE ƘARIN

Cikin inji akwai wani rami mai santsi da ake kira silinda. Cikin ramin akwai fiston, mai hawa da sauka kamar taɓarya cikin turmi. Esansi, watau fetur, yana haɗuwa da iska ya kama wuta bisa kan fiston, ya tura shi ƙasa. Turin nan shi ke juya ƙafar babur.

Babura da yawa da ake kawowa daga ƙasar Sin an kwaikwayi injinsu daga Honda CG125, wanda aka fito da shi cikin shekara ta 1975. Faɗin ramin wannan inji milimita 56 da rabi ne. Na ƙanensa mai lamba 150 kuwa milimita 62 ne. Mai babur yana iya duba lambar da aka buga a jikin inji. In ya ga 156FMI, injin 125 ne. In ya ga 162FMJ, injin 150 ne.

Ƙarin da makaniki ke yi shi ne ya cire silinda da fiston na asali, ya sa manya da aka sayo a kasuwa. Abin da inji ke shaƙa ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar ke nan. Ran farko mai babur zai ji daɗi, don babur zai hau dutsen da ke ba shi wuya. Amma abu biyu kaɗai aka canza. Sauran kayan inji suna nan yadda kamfani ya auna su don ƙaramin fiston.

INDA WAHALA KE FITOWA

Na farko, zafi. Wannan irin inji ba shi da ruwan sanyaya shi. Iskar hanya kaɗai ke fifita shi. Babbar wuta tana kawo babban zafi. Cikin watan Afrilu da Mayu zafin Adar yana wuce digiri 40. In babur yana tafiya sannu cikin rairayi da kaya masu nauyi, iskar da ke bugunsa kaɗan ce. Fiston ya kumbura, ya kama jikin silinda, inji ya ƙame. Nan take babur zai tsaya, ko da tsakar daji ne.

Na biyu, ƙishirwa. Karbureta ita ke auna esansi da iska. Tana da ƴar ƙofa wadda mai ke bi. In an ƙara girman silinda ba a daidaita ƙofar nan ba, sau da yawa mai yana kasawa, iska ta yi yawa. Irin wannan wuta ta fi zafi, har tana iya huda kan fiston. Buji shi ke ba da shaida. In bakinsa ya yi fari fat, inji yana cikin ƙishirwa. In ya yi ruwan ƙasa, awo ya yi daidai.

Na uku, nauyi. Babban fiston ya fi ƙarami nauyi, bugunsa kuma ya fi ƙarfi. Sandar da ke riƙe da shi da boris na ƙasa su ke karɓar bugun, sau dubbai cikin minti ɗaya. Ba su karyewa ran farko. Sannu a hankali suke ci, sai wata rana a ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji. Gyaran ƙasan inji kuwa ya fi na sama tsada ƙwarai, don sai an tsaga injin biyu.

Na huɗu, kayan kansu. Kwali mai kyau ba shi nuna ƙarfe mai kyau. Akwai silindar da ramin ba shi da santsi, akwai zobban fiston masu taushi da ke cinyewa da wuri. Zobe yana bukatar ɗan tsagi tsakanin bakinsa biyu, don in ya yi zafi ya sami wurin miƙewa. In ba a auna tsagin ba, bakunan su haɗe, su karce silinda. Daga nan sai hayaƙi mai shuɗi, da shan baƙin mai, da wuyar tashi da safe. Haka kuma shimfiɗar da ke tsakanin silinda da kan inji, in ba ta dace da sabon ramin ba, takan ƙone, ƙarfi ya zurare.

Na biyar, birki. An ƙara ƙarfin tafiya, ba a ƙara ƙarfin tsayawa ba. Mai hawan dutse dole ya gangaro, da kayan da ya hau da su.

LISSAFIN MANOMI

A ɗauki misalin mai lambun albasa. Ya sayar da buhu biyu ya biya kuɗin kaya da na makaniki. Inji ya ƙame masa lokacin kwasar albasa, sa'ad da ya fi bukatarsa. Zai biya amalanke ta jawo babur. Zai biya wani ya kai masa albasa kasuwa. Zai sake sayen silinda da fiston. In ya yi nufin sayar da babur ɗin, mai saye zai rage kuɗi, don kowa yana gudun injin da aka taɓa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Wannan hasarar kuɗi ce, ana iya mayar da ita wata shekara. Amma in babur ya ƙame da marar lafiya tsakanin ƙauye da asibitin Keita, abin ya wuce maganar kuɗi.

ABIN DA YA FI

Sau da yawa babur ɗin da ya rasa ƙarfi bai bukatar babban inji. Gajiya ce ta kama shi. Kafin a kashe kuɗi, sai a duba waɗannan:

1. Soson da ke tace iska. Ƙurar hanya in ta shiga inji tana cin silinda kamar yashi bisa tukunya. A riƙa wanke soson, a bar shi ya bushe, a shafa masa ɗan mai. Kada a cire shi wai don inji ya sha iska.

2. Baƙin mai. Injin nan wajen lita ɗaya kaɗai yake ɗauka, shi ya sa man ke saurin gajiya. A duba shi kowace safiya, a juye shi kan lokaci.

3. Esansi na kwalba. A tace shi da tsumma mai tsabta kafin a zuba.

4. In silinda ta cinye, akwai gyara na ƙa'ida. Masu injin gyaran silinda suna kankare ramin kaɗan, su sa fiston da ya fi na da da rubu'in milimita, ko rabin milimita. Wannan yana mai da ƙarfin da ya ɓace, bai ɗora wa inji abin da ya fi shi.

5. Mai son ƙarfin hawa ya sa a canza faifan sarƙa na baya, a sa mai ƙarin haƙora biyu ko uku. Gudu zai ragu kaɗan, jan kaya ya ƙaru. Aikin ba shi da tsada, kuma ba a buɗe inji.

Wanda aikinsa ya fi ƙarfin 125, gara ya yi haƙuri ya tara kuɗi ya sayi 150 na kamfani. Shi an auna kansa da karburetarsa da silindarsa tare.

WANDA YA RIGA YA YI

Shi kuma kada ya yi sakaci. Ya tafi sannu cikin kilomita 500 na farko, ba gudu, ba kaya masu nauyi. Ya juye baƙin mai da wuri. Ya kai makaniki ya duba buji, ya daidaita karbureta. Bisa doguwar tafiya da rana ya riƙa tsayawa a inuwa inji ya huce, kuma kada ya watsa wa inji mai zafi ruwan sanyi. Ya adana tsohuwar silindarsa a ɗaka, wata rana za ta yi amfani.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa mai babur. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin nan zai yi magana bisa injin ban ruwa na lambu, da yadda ake adana shi in damina ta faɗi.