Wasiƙar Akawu: Motar Tamfol da Ɓarayin Birni

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, in yi wa 'yan'uwana masu karatu magana a kan wani abu da ya same ni da kaina. Na daɗe ina jin kunyar faɗarsa, amma na tuna masu magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. To, ƙaƙa mutum zai shafa ruwa in wanda gemunsa ya ƙone ya yi shiru?

Ni dai akawu ne a wani kamfanin ciniki, aikina riƙon littafin shige da ficen kaya. Cikin daminar bara maigidana ya aike ni Kano tare da direba a akori-kurar kamfani, wadda bayanta ke rufe da tamfol, mu sayo atamfa da shadda. Muka shiga Kantin Kwari muka yi ciniki, 'yan dako suka loda mana, muka ja tamfol muka ɗaure igiya tam. Ina da jaka wadda ke ɗauke da littafin lissafi da rasidai da ragowar kuɗin kamfani. Na duba gaban mota na ga duk mai wucewa zai hange ta ta gilashi, sai wayona ya ba ni in cusa ta tsakanin diloli a ƙarƙashin tamfol. Muka kulle ƙofofin gaba, har na koma na jijjiga su. Direba ya tafi sallar azahar, ni kuwa na tsallaka titi neman abinci. Ba mu yi rabin sa'a ba muka komo, muka tarar da igiya kamar yadda muka ɗaure ta, muka kama hanya hankalinmu kwance.

Sai da muka wuce Kura hadari ya taso, muka tsaya mu ƙara ɗaurin igiya, sa'an nan muka ga ɓarna. An tsaga tamfol ta gefen da muka jingina da bango, tsagar ba ta fi kamu ɗaya ba, an zare turmi biyar da jakata. Ruwa kuma ya bi ta tsagar ya jiƙa saura. Wata uku ana yankar albashina, mako biyu ina kwana a kan tebur ina sake tada lissafi daga takardun masu kanti. Amma duk wannan da sauƙi a kan kallon da abokan aiki suka riƙa yi mana ni da direba, bawan Allah mai 'ya'ya, wanda saura kaɗan a sallame shi a kan laifin da nawa ne. Kuɗi ana mayarwa. Zato kuwa in ya shiga zuciyar maigida, ya fi rina wuyar fita.

Tun daga ran nan na shiga binciken al'amarin irin waɗannan motoci, ga kuwa abin da na samu.

Da fari dai mu san asalinsu. Motar Jeep an ƙera ta domin sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara yinta da yawa a 1941. Land Rover kuwa Ingilishi suka fito da ita, aka nuna ta a birnin Amsterdam cikin Afrilu 1948, manoma aka nufa da ita, rufinta na farko kuwa tamfol ne. A nan ƙasarmu, tun da aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, akori-kura mai tamfol ta cika hanyoyin kasuwanninmu na ƙauye. Watau waɗannan motoci an yi su ne saboda gona da daji da fagen fama, inda abin gudu shi ne rana da ruwa da ƙura. Daga baya aka sami na ƙawa, irin su Mazda MX-5 da ta fito a 1989, da Jeep Wrangler mai tagogin roba, waɗanda samari ke naɗe rufinsu su sha iska. Sai kuma keke mai ƙafa uku, wanda ya cika Kano tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur cikin Janairu 2013, shi ko ƙofa ba shi da ita. Dukansu sun shigo birni, a birni kuwa abin gudu ɗan Adam ne.

Dalili uku ne suka sa ɓarawo ya fi son motar tamfol. Na farko, shiru. Wanda zai fasa gilashi sai ya yi ƙara, mutane su waiwaya, ɓaraguzai su zube a ƙasa su tona masa asiri. Mai reza kuwa jingina kawai zai yi kamar mai hutawa a inuwa, hannunsa na aiki a bayansa, ko wanda ke kusa da shi ba zai ji ba. Na biyu, yawancin irin waɗannan rufi ba su ma bukatar reza, domin igiya ce ko zif ko maɓalli, daga waje ake ɗaura su, daga waje kuma ake kwance su. Mai Jeep ya kulle ƙofa ya sa mabuɗi aljihu, yaro ya zo ya zuge tagar baya ya miƙa hannu. Na uku, jiniyar da ake sa wa mota ta tsaron ɓarayi, mafi yawanta ba ta kuka sai an buɗe ƙofa ko an bugi jikin mota. Reza ba ta buɗe ƙofa, ba ta girgiza ƙarfe, saboda haka jiniya na barcinta ana kwashe kaya.

Kada kuma wani ya ce motarsa ta zamani ce, ba ta tashi sai da mabuɗinta. Gaskiya ne tun 1998 Ingila da Jamus suka wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi in ba da mabuɗinsa na ainihi ba, motocin da ke zuwa mana daga can kuwa da ita suke zuwa. Amma wannan na'ura inji take tsaro. Ba ruwanta da kwamfutarka da ka bari bisa kujera, ko takardun motarka, ko batir da jak da tayar ajiya. Ɓarawon da ya ga tuƙa motar zai yi masa wuya, sai ya wadatu da abin da ke cikinta. Ga kuma wata asara da ba a tunawa: sau da yawa abin da aka ɗauka bai kai kuɗin rufin da aka tsaga ba. Tamfol na akori-kura mai ɗinki zai yi masa faci, ko da yake faci ba ya rasa yoyo. Rufin motar ƙawa kuwa, mai ninki biyu ko uku, in an keta shi sai sabo, sabon kuwa daga ƙetare.

Na kai ƙarar kaina wurin wani malami maƙwabcinmu, dattijo, domin ko da yake karatuna na makarantar mishan ne, ban taɓa zama wurinsa na tashi hannu wofi ba. Ya ce mini, "Ɗana, a fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira hirzi, watau ma'aji. Ma'aunin ma'aji kuwa shi ne wurin da in mutum ya ajiye irin wannan kaya a ciki, jama'a ba za su ce ya tozarta shi ba. Kowane kaya da ma'ajin da ya dace da shi. Turke ma'aji ne ga jaki, amma wa zai ɗaure jakar kuɗi a turke ya tafi?" Na ce, "Allah ya gafarta malam, na ji." Ban ga ma'aunin da ya fi wannan ba ga mai motar tamfol. Kafin ka bar mota ka tambayi kanka: da a ce na shimfiɗa zane a bakin titin nan na rufe kayan nan da shi, zan iya tafiya? In ba ka iya ba, to, kada ka bar su, gama abin da ka yi ke nan.

Ga shawarwarina, wanda ya ga da gyara ya rubuto. Kuɗi da waya da takardu da littafin aiki su bi jikinka duk inda za ka, kome nauyinsu. Abin da ba ya ɗaukuwa, a sa maƙeri ya yi masa akwatin ƙarfe, a ɗaure shi da noti a jikin bodi ta ciki, a sa kwado mai kyau. In motarka mai but ce, ka tabbata ba a iya buɗe shi daga wajen direba, in ba haka ba wanda ya keta rufi ya sami but kyauta. Kome za ka ɓoye, ɓoye shi tun kafin ka iso, domin ɓarawon birni ba ya laluben mota ɗaya ɗaya, zama yake yana kallon wanda ya sauko ya waiga dama da hagu ya cusa jaka. Haka aka yi mini, ba shakka. Kada ka bar ko wayar caji ko tsohuwar jaka wofi, shi bai san wofi ce ba sai ya yanka. Kada ka jingina gefen tamfol da bango ko da wata babbar mota don neman inuwa, ka tsaya inda idon mutane ke kaiwa kowane gefe, da dare kuma ƙarƙashin fitila ko cikin gida mai ƙofa. In ku biyu ne da kaya a baya, ɗaya ya tafi ɗaya ya zauna. Salla da abinci duka suna karɓar bi da bi. Wuraren da aka fi yin wannan ta'adi kuwa ku kun san su: bakin kasuwa, ƙofar banki, asibiti, gidan biki, da masallacin Juma'a da majami'a, duk inda ɓarawo ya san mai mota ba zai fito da wuri ba.

Akwai wata gardama tsakanin masu irin waɗannan motoci. Waɗansu sun ce a kwashe kome, a bar ƙofa ba kulle, domin ɓarawo ya buɗe ya duba ya tafi, rufi ya tsira. Waɗansu sun ce wannan gayyata ce. Ni ra'ayina a kwashe kome, a bar cikin mota fili yadda mai leƙe zai ga ba abin ɗauka, a sa wa sitiyari sandar kulle, sa'an nan a kulle ƙofa. Dalilina shi ne inshora. Wanda ya bar mota buɗe ya ba kamfanin inshora hujjar cewa sakacinsa ne. A nan ma a lura. Inshorar dole da yawancinmu ke yanka, wadda aka kafa dokarta ta farko a 1945, aka kuma mai da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida a Janairu 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai. Ba ta biyan sata, ba ta biyan tsagaggen rufi. Sai cikakkiyar inshora ke duban wannan, kayan ciniki da ke bisa hanya kuwa suna da tasu dabam. A karanta takarda tun kafin rana ta ɓaci, kada a yi ihu bayan hari.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabannin kasuwanni da hukumomin birane su ƙara wuraren ajiye motoci masu shinge da fitila da mai gadi, a riƙa ba da tikiti mai lamba. Ina kuma roƙon iyayen gidanmu masu kamfanoni, in za ku aiki yaro da dukiya a motar tamfol, ku haɗa shi da akwatin ƙarfe da mutum na uku. Kuɗin wannan bai kai na turmi biyar ba, balle mutuncin bara wanda ya yi shekaru yana riƙe muku amana.

Direbanmu har yau muna tare, ya kuwa yafe mini. Amma ko ruwa zan sauka in saya, sai ya ce, "Malam Akawu, ɗauki jakarka." Ni kuwa in ɗauka ba musu. Allah ya tsare mu da dukiyarmu da ta mutane da ke hannunmu, amin.

Haza wasalam. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Ni ne naku,
Akawu.