Ra'ayinmu: A Tallafa wa Murhu, Amma Ba da Rabon Kyauta Ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, muhawarar makamashi a ƙasar nan ba ta wuce fetur da kuɗin wuta ba. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, aka sake buɗe sabon cece-kuce. Amma a ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Tsanyawa, Bichi da Minjibir, inda gona ke jingine da gona har babu wani daji a tsakani, makamashin da ake ƙonawa safe da yamma ba ta waya yake zuwa ba, ba kuma daga gidan mai ba. Itace ne, da karan dawa da na gero, da totuwa, wani lokaci har da busasshen kashin shanu. Don haka tambayar da ta shafi wannan yanki daban take: ya kamata hukuma ta sa kuɗinta a rage wa magidanci farashin kayan da ke tsimin makamashi a gida? Idan ya kamata, ta wace hanya?

A wasu ƙasashe tsarin sananne ne. Mutum ya sayi firji ko na'urar ɗumama ɗaki mara shan wuta, ya kai rasit, kamfanin wuta ko gwamnati ta mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. Amurka ta ware dala biliyan 8.8 don irin wannan a wata doka ta 2022. A nan maƙwabta, Ghana ta raba ƙwayayen fitila masu tsimin wuta miliyan 6 a 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, nauyin da ke kan tashoshinta kuwa ya ragu da megawat sama da 120. Daga 2012 ta koma karɓar tsohon firji tana ba da rangwame kan sabo. Hujjarsu ita ce rage wutar da ake sha ya fi gina sabuwar tasha arha.

Sai dai wannan lissafi sai da wuta, da mita, da kuɗin da mutum zai fara biya ya jira a mayar masa. A karkarar arewacin Kano da wuya ukun su haɗu a gida ɗaya. Akwai garuruwan da layin kamfanin wuta na KEDCO bai kai ba, akwai waɗanda ya kai amma taransfoma ta ƙone, sai mutanen gari sun yi karo-karo an gyara. Inda ake samun wutar kuma, gidan da babu mita kuɗin ƙiyasi ake kawo masa: ko ya cire tsoffin ƙwayaye masu zafi ya sa na zamani, ko bai cire ba, takardar ƙarshen wata ba za ta san ya yi ba. Wa zai kashe kuɗinsa don tsimin da ba zai gani a aljihu ba? Abu mafi kusa da mayar da kuɗi da muke da shi shi ne tsarin mita, inda mai gida ke sayen mita a riƙa biyansa da yunit sannu a hankali, kuma shi ma mutanen birni suka fi saninsa. Tallafin wutar da Gwamnatin Tarayya ke ɗauka, wanda ya haura naira tiriliyan ɗaya a 2024, yana tafiya ne ga masu wutar. Matar da ke hura kara a Makoɗa ba ta da ko sisi a ciki.

Idan ana neman inda makamashi ke salwanta a gidan ƙauye, a leƙa madafi. Murhun duwatsu uku bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin wutarsa yake kai wa tukunya ba, saura iska ke kwashewa. Murhu mai tsimin itace yana tattara wutar ƙarƙashin tukunya. Irin wanda ake kira Save80, da ƙungiyar DARE ta Kaduna ta fara yaɗawa tare da atmosfair ta Jamus, kuma yanzu ake ƙera shi a Kano, masu shi na cewa yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Ko rabin haka aka samu, ba ƙaramin abu ba ne. Ga hayaƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne ke rasuwa duk shekara saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, kuma kowa ya san waɗanda ke zaune bakin murhu, uwa ce da goyonta. Ga kuma kara. A yankin da babu makiyaya, kara abincin dabba ne, shi ne danga, abin da ya saura a gona kuma shi ke rufe ƙasa daga iskar rani. Duk damin da aka cusa a wuta, an rage shi ne daga ɗaya cikin waɗannan.

A nan akwai wata magana da ake yawan yi wadda ba mu yarda da ita ba, wato wai mutanen ƙauye ne ke cinye itatuwa da girkinsu. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa suka yi kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya nuna manoman kewayen birnin na riƙon itatuwan gonakinsu da kyau duk da yawan jama'a. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya kowanne yana da mai shi. Rassa ake sassabewa, ba a kayar da uwar. Motocin itace da gawayin da ke shiga birni don gidajen burodi da masu abincin sayarwa daga nesa suke fitowa. Saboda haka kada a shiga gidan manomi da wa'azin hamada kamar shi ne mai laifi. A yi masa maganar tarin 'ya'yansa da kuɗin itacen da yake bayarwa da damina, lokacin da kara ya ƙare, na gona kuma ya jiƙe.

Masu adawa da tallafin suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Babbar hujjarsu ita ce abin da ya faru a Nuwamban 2014, lokacin da Majalisar Zartarwa ta gwamnatin Goodluck Jonathan ta amince da kwangilar naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa matan karkara kyauta, ana saura 'yan watanni zaɓe. Kwangilar ta ƙare a rikici da tuhume-tuhume, matan da aka yi abin da sunansu kuwa ba su ga abin da aka yi musu alkawari ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ba mu ga laifin duk wanda ya ji an ce tallafin murhu ya tuna da wannan ba.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi a wurinmu, domin ko babu ɓarawo ko ɗaya tana nan. Raba murhu daban, yin girki da shi daban. A jihar Odisha ta Indiya masu bincike sun bi gidajen da aka ba ingantaccen murhu har tsawon shekara huɗu, suka tarar amfanin shekarar farko ya zagwanye, domin an daina gyara shi, an koma tsohon. A ƙasar Hausa dalilin zai fi haka fitowa fili. Tuwon gida mai mutum ashirin babbar tukunya yake so, da murhun da zai tsaya daram idan an sa muciya ana tuƙi. Murhun da aka tsara don ƙananan ƙirare, wanda sai an zauna an faskara itace ƙanana-ƙanana, ba zai karɓi dogon kara ba. Matar da aka ba irin wannan za ta dafa shayi da shi, ta ajiye a ɗaki, ta koma kan duwatsunta, kuma tana da gaskiya. Har kuɗin da kamfanonin Turai ke biya don rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wanda shi ke sauƙaƙa farashin irin waɗannan murhuna, ya shiga zargi: wani bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2024 ya gano ana zuzuta ragin da ake samu har ninki tara. Sannan kayan kyauta na karya kasuwar maƙerin gida da mai gina murhun laka, ranar da shirin ya tsaya kuma babu mai sayarwa, babu mai gyara.

Duk da haka akwai tsarin da ya nuna ana iya kauce wa yawancin waɗannan. A shirin samar da wuta da Hukumar REA ta gudanar da dala miliyan 350 na Bankin Duniya daga 2018, ba a miƙa wa kamfanin sola kuɗin tallafi sai ya kafa kayan a gida an tabbatar. Shirin DARES na dala miliyan 750, da bankin ya amince da shi a Disamban 2023, kan wannan hanya ya ɗora. Yana da nasa rauni, don kamfani inda masu iya biya suke yake nufa, batir kuma in ya mutu sau da yawa sai an je birni. Amma aƙalla kuɗin bayan aiki yake fita.

Matsayinmu shi ne a ba da tallafin, kuma a fara da murhu, sannan ƙaramin sola na fitila da cajin waya. Tsarin saya ka jira a mayar maka bai dace da manomin da kuɗinsa ke shigowa sau ɗaya da kaka ba, don haka rangwamen ya kasance a cikin farashi, a rumfar mai sayarwa a kasuwar Ɗambatta ko ta Bichi, mai saye ya biya nasa kason ko da kaɗan-kaɗan ta hanyar adashen mata. Rabon kyauta ta hannun kansila ko ofishin jam'iyya kuwa, a rufe wannan ƙofa gaba ɗaya. A biya mai sayarwa rabin tallafin idan ya sayar, sauran rabin sai bayan shekara, idan masu dubawa da ba ma'aikatansa ba sun tarar ana girki da murhun. Kada kuma wani samfuri ya shiga jerin waɗanda za a tallafa sai matan yankin sun tuƙa tuwo a kansa, da tukwanensu da karansu, sun ce ya yi. Maƙeran gida su shiga gasar daidai da masu shigowa da kaya.

KEDCO aikinta a wannan lamari mita ne. Sai ta sa su kafin maganar ƙwan fitila ta yi ma'ana. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar tsaftataccen girki ta ƙasa a 2024, Kano kuma na cikin jihohin shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL, na dala miliyan 700, don haka gwamnatin jiha ba ta rasa inda za ta nemi kuɗin gwaji ba. Ta zaɓi ƙananan hukumomi biyu ko uku a arewacin jihar, ta fara da kaka mai zuwa, bayan shekara ta fito ta faɗi murhu nawa aka sayar da nawa ake girki da su, kafin ta ƙara ko naira ɗaya a kai.