Kwanan watan da muke rubutawa a kan leda

Duk wadda ta taɓa kai ƙuli-ƙuli ko garin kunu butik a Maraɗi ko Yamai ta san tambayar nan: "Hajiya, ina etiketi?" Sai mu ruga wurin mai kwamfuta a buga muna takarda mai launi, da hoton zangarniyar hatsi. Ta yi kyau. To, mi ta faɗa wa mai saye?

Tun 1985 ƙa'idar Codex, ta hukumomin FAO da OMS, ta tsara abin da ya kamata a gani: sunan abincin, kayan haɗinsa daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, nauyinsa, suna da adireshin masu yi, ƙasa, lambar rukuni, ranar da zai daina amfani, da yadda za a aje shi. Gyaɗa, madara da ƙwai sai an ambace su, don akwai jikin da ba ya ɗaukarsu. Yajinmu kuwa sau nawa muke zuba mashi ƙuli-ƙuli ba mu rubuta ba?

Amma inda muka fi yin sake, kwanan wata ne. Mu faɗi gaskiya: da yawanmu "wata shida" muke sawa don mun gani a ledar wata. Alhali garin da ke da gyaɗa, zafin bazara na sa shi maƙaƙi, raɓar damina na sa shi hunhuna. Uwa ta duba takardarmu, ta yarda, ta dama wa yaronta. Mai butik kuma in an maido mashi kaya sau ɗaya, ba ya sake kiranmu.

Duk yin da muka yi, mu ba shi lamba, mu rubuta a kaye, mu aje leda uku. Kowane wata a buɗe guda ranar zubi, a shinshina, a ɗanɗana. In ƙorafi ya zo, wannan rukunin kaɗai za mu janye, ba dukan kayan ba. Sai dai hanci ba ya gano dafin hunhunar gyaɗa, sai awo a labo. Kuɗin sun yi wa mace guda yawa, amma asusu na iya ɗauka. A nemi bayanin takardar inganci wurin hukumar ANMC a Yamai kafin a buga etiketi dubu.